Waƙoƙin Beatles da suka kwana a ma'ajiya: akwai wadda ta fi abin da aka fitar?

Malam Habu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar tsofaffin waƙoƙi. Ina so mu tattauna a natse a kan wani ɓangare na aikin Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, da ba kasafai muke taɓawa ba, wato abubuwan da suka naɗa amma ba su shiga faifai a zamaninsu ba. Daga 1962 zuwa 1970 John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr sun tara tef mai yawan gaske a situdiyon kamfanin EMI da ke Abbey Road a Landan. A ciki akwai cikakkun waƙoƙin da aka gama aka ajiye, akwai ɗauka ta farko ko ta biyu ta waƙar da daga baya ta sauya kama gaba ɗaya, akwai kuma gwajin da aka yi a gida. Kundayen Anthology guda uku na 1995 da 1996 ne suka buɗe ma'ajiyar sosai a hukumance, sannan daga 2017 aka riƙa sake fitar da manyan kundayensu tare da ragowar abin da aka ɗauka lokacin haɗa su. Wanne ne ya fi kwanta muku a rai, kuma akwai wanda kuke ganin ya fi abin da aka fitar?

Ni zaɓina shi ne ɗauka ta farko ta “While My Guitar Gently Weeps”, wadda Harrison ya yi ranar 25 ga Yuli 1968 da jita marar lantarki, sai ɗan sautin ogan mai laushi da ya shigo can wajen ƙarshe. Akwai baiti guda a cikinta wanda aka cire daga baya. Wadda duniya ta sani ita ce ta watan Satumba, wadda Eric Clapton ya kaɗa jitar lantarki a kanta, kuma ban raina ta ba, sai dai a ganina kiɗan da aka jibga mata ya danne kaɗaicin da ke cikin kalmominta.

Hajiya Larai:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Waƙar da ka zaɓa tana da daɗi, amma zan ɗiga ayar tambaya tun daga farko, domin na san inda irin wannan hira take dosa. Masoya idan suka ji abin da aka ɓoye musu kusan shekara talatin, sukan ɗauka ɓoyewar ita ce shaidar darajarsa. Duk wanda ya ji waccan ɗauka ta farko ya ji ta ne bayan kunnensa ya haddace ta Clapton, saboda haka yana sauraro ne yana cike giɓin da abin da ya riga ya sani. Da ita aka saka a White Album a 1968, kundi mai waƙa 30 wanda ya riga ya ƙunshi masu sanyi irin su “Blackbird” da “Julia”, da wuya ta yi fice. Harrison da kansa ne bai gamsu ba, ya yi ta sake aikin tare da sauran, daga bisani ya roƙi Clapton ya zo. Idan mai abu ya ce girkin bai nuna ba, da wace hujja mu za mu ce ya fi?

Injiniya Bala:
Hajiya, ni ba na neman wadda ta fi a cikin waɗannan tef, abin da nake nema shi ne yadda aka gina waƙa, kuma babu misalin da ya kai “Strawberry Fields Forever”. Lennon ya fara tsara ta ne a Almeria ta ƙasar Sifaniya a ƙarshen 1966, lokacin da yake wasan fim a can. Ɗauka ta farko a situdiyo ranar 24 ga Nuwamba 1966 waƙa ce mai sauƙi mai taushi, tsarin baitocinta ma ba irin na wadda muka sani ba ne. Suka ci gaba har ɗauka ta 7, wadda ta ƙara nauyi. Lennon bai gamsu ba, ya nemi furodusansu George Martin ya rubuta mata kiɗan ƙahoni huɗu da manyan goge uku, aka sake ta daga tushe da ganguna masu ƙarfi, aka samu ɗauka ta 26.

A nan ne abin mamakin yake. Lennon ya ce farkon ta 7 yake so da kuma ƙarshen ta 26, a haɗa masa su. Martin ya nuna masa cewa biyun sun bambanta a sauri, sun kuma bambanta a matakin sauti, amma Lennon ya bar masa matsalar ya tafi abinsa. A na'urar wancan zamani, idan ka rage saurin juyawar tef, sautin ma sai ya sauka, idan ka ƙara sai ya hau. Ba a iya taɓa ɗaya a bar ɗaya. Sai aka yi dace cewa ta 26 ita ce mai sauri kuma ita ce mai sautin da ya fi hawa, don haka da Martin da injiniya Geoff Emerick suka rage mata gudu, suka ɗan ƙara wa ta 7, sai suka haɗu a tsakiya. Aka yanka tef da almakashi aka liƙa, daidai wajen daƙiƙa ta 60. Wannan nauyin da ake ji a muryar Lennon bayan minti na farko, kamar mai magana cikin barci, daga rage gudun nan ya samo asali. Wanda ya saurari ta 7 da ta 26 kowacce ita kaɗai zai gane cewa waƙar da aka fitar a 1967 babu wanda ya taɓa rera ta a haka a cikin ɗaki. A teburin injiniya aka haife ta.

Sadiq:
Iyayena da yayyena, ina neman izinin sa baki. Duk waɗanda kuka ambata an riga an fitar da su, kowa na iya ji a wayarsa. Ni wadda take ci mini rai ita ce “Carnival of Light”, wadda har yanzu tana kulle. An naɗe ta ranar 5 ga Janairu 1967, a zaman da suke aikin “Penny Lane”, tsawonta minti 13 da daƙiƙa 48, McCartney ne ya jagoranci yin ta domin wani bikin haske da sauti da aka yi a zauren Roundhouse na Landan a ƙarshen watan da farkon Fabrairu. Ya so a saka ta a Anthology 2, sauran masu ta cewa, musamman Harrison, suka ƙi. A 2008 ya sake gaya wa BBC cewa yana so jama'a su ji ta, amma shiru. Haka kuma akwai ɗauka ta 3 ta “Helter Skelter” ta ranar 18 ga Yuli 1968 mai minti 27 da daƙiƙa 11, ita ma ba a sake ta ba. Ban ga dalilin ci gaba da riƙe su ba bayan fiye da rabin ƙarni.

Alhaji Tanko:
Sadiq, ɗana, ka kwantar da hankalinka a kan “Carnival of Light”. Mark Lewisohn, wanda EMI ta ba damar sauraron tef ɗin ma'ajiya kafin ya fitar da littafinsa na tarihin zaman naɗe-naɗensu a 1988, ya bayyana abin da ke cikinta: babu baiti, babu amshi, babu tsayayyen kiɗa, sai ƙarar ogan da ganguna da aka jirkita da amsa-kuwwa, da ihun Lennon da McCartney jefi-jefi. An yi ta ne domin ta tashi a zaure ana wasa da fitilu, ba domin mutum ya zauna da ita a ɗaki ba. Darajarta a yau tana cikin rashin jinta, ranar da aka sake ta kuwa mutane za su saurara sau ɗaya su koma ga abin da suka saba. Ka kuma yi hattara da waɗanda ake yaɗawa a intanet da sunanta, domin na jabu ne.

Game da “Helter Skelter”, ai an ba mu ɗanɗano. Ɗauka ta 2 ta wannan dare, mai kusan minti 13, ta fito cikakkiya a akwatin White Album na 2018, bayan an taɓa datse ta zuwa ƙasa da minti biyar a Anthology 3. Tafiyar hawainiya ce a kan sauti guda, ba ta da alaƙa da guguwar da aka naɗa a watan Satumba. Wanda ya iya zama da minti 13 ɗin nan har ƙarshe ba tare da ya duba agogo ba, shi ne ke da bakin neman minti 27. Irin waɗannan abubuwa ƙanzo ne: akwai wanda ya fi son sa a kan tuwon, kuma ba laifi ba ne, amma ba shi ake kai wa baƙo ba.

Sadiq:
Na ji, Baba Alhaji, amma ko da ba ta da daɗi tana da muhimmanci ga tarihi. An saba cewa Lennon ne mai gwaje-gwajen sauti saboda “Revolution 9” ta 1968, alhali wannan tef yana nuna McCartney ya riga shi shiga fagen da fiye da shekara guda. Ina ganin shi ya sa yake ta nacin a fitar.

Malama Zainab:
Ina so in koma kan maganar Hajiya Larai cewa mai abu ne ya yanke hukunci, domin a nan nake ganin hujjarta ta yi rauni. A ƙungiyar nan mai abu ba mutum ɗaya ba ne, kuma ba duk masu abun ne ke da murya iri ɗaya ba. Dubi “Not Guilty” ta Harrison. An shafe kwanaki ana aikinta a watan Agusta 1968, lambar ɗauka ta kai 102, aka gama ta, sannan a zaman tsara jerin waƙoƙin White Album aka cire ta. A kundin nan mai waƙa 30 Harrison huɗu kawai ya samu, amma an sami gurbin “Revolution 9” mai fiye da minti takwas, an kuma sami gurbin “Wild Honey Pie” wadda McCartney ya yi shi kaɗai cikin raha. Waƙar da aka cire kuwa ƙorafi ce a kan yadda abokan aikinsa suke ɗaukar sa, ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane dalilin da ya sa ba ta yi musu daɗi ba. Sai a 1979 ya sake ta a kundinsa na kansa cikin salo mai sanyi, ta Beatles kuma mai kaifin jita sai a 1996 aka ji ta.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne “All Things Must Pass”. Ya kawo ta a watan Janairu 1969 lokacin zaman Get Back, wato atisayen da suka yi ana ɗaukar su fim a situdiyon Twickenham da ke Landan, suka gwada ta sau da yawa ba tare da wani ɗoki ba, aka watsar. A cikin watan ne, ranar 10, ya ajiye jita ya fice daga ƙungiyar na wasu kwanaki. Ranar 25 ga Fabrairu 1969, ranar da ya cika shekara 26, ya shiga Abbey Road shi kaɗai ya naɗi gwajinta tare da “Something” da “Old Brown Shoe”. Biyun nan ƙungiya ta karɓa, ita kuwa aka bar masa. A ƙarshen 1970 ta zama sunan kundinsa mai faifai uku wanda ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka. Saboda haka zaɓina shi ne wancan gwaji na ranar haihuwarsa, kuma ina kallon sa a matsayin shaida cewa ma'ajiya ba tarkace kaɗai take ɗauke da shi ba, har da abin da aka danne.

Hajiya Larai:
Malama, a kan “All Things Must Pass” ba ni da ja, sun yi asarar waƙa. Amma “Not Guilty” ba ta taimaki hujjarki ba. Waƙar da aka ɗauka sau fiye da ɗari ba za a ce an yi mata riƙon sakainar kashi ba, an ba ta lokacin da waƙoƙin Lennon da yawa ba su samu ba. Yawan ɗaukar ma yana nuna cewa tsarinta ne ke da wuyar zama, musamman inda kiɗan ke sauya taku a tsakiya. Kuma mu tuna cewa ma'ajiyar tana ɗauke da abin da Lennon da McCartney suka rubuta su ma aka yar. “If You've Got Trouble” da suka ba Ringo ranar 18 ga Fabrairu 1965 ɗauka ɗaya aka yi mata aka ajiye, aka maye gurbinta da “Act Naturally” a kundin Help!, kuma duk wanda ya ji ta ya san an yi wa Ringo gata da aka ɓoye ta. “That Means a Lot” sun gwada ta a Fabrairu, suka sake a Maris, ta ƙi, suka miƙa wa mawaƙi P.J. Proby. Mutanen da ke iya jefar da nasu haka ba son kai kaɗai ke jan su ba, suna da kunne.

Ɗanjuma:
Idan ana maganar kunne, Hajiya, to akwai ranar da kunnen ya kwana. Ranar 14 ga Agusta 1964 suka naɗi “Leave My Kitten Alone”, tsohuwar waƙar Little Willie John ta Amurka, Lennon ya rera ta da irin muryar nan mai tsagewa da ya yi “Twist and Shout” da ita. A rana ɗaya suka fara “Mr. Moonlight”. Da kundin Beatles for Sale ya fito a Disamba, sai ga ta biyun a ciki, ta farkon kuma ta shiga ma'ajiya har 1995. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya saurari biyun a jere ya ce an yi daidai ba.

Akwai kuma wadda ta shafe mu ta wata fuska. Sigar farko ta “Ob-La-Di, Ob-La-Da”, wadda suka yi a farkon Yuli 1968 kafin McCartney ya ce a sake daga tushe, tana da kiɗan gangar hannu na Jimmy Scott, ɗan Najeriya mazaunin Landan wanda McCartney ya sani a gidajen rawa. Tana Anthology 3. Ta fi wadda aka fitar sauƙin tafiya, jita ce ke jan ta, ba fiyanon da Lennon ya buga da ƙarfi cikin gajiya da waƙar ba. Ita nake sakawa idan ina son jin waƙar.

Lauya Isa:
Akwai abin da ya kamata a saka a ma'auni, wato cewa fitar da waɗannan abubuwa ba koyaushe ne hukuncin fasaha ba, sau da yawa hukuncin kasuwa ne da doka. Tun 1985 EMI ta shirya kundi mai suna Sessions, Geoff Emerick ya haɗa shi, da “Not Guilty” da “Leave My Kitten Alone” a ciki, amma Beatles da suka rage da iyalin Lennon suka hana. Ba a jima ba kwafe masu tsabtar sauti suka tsallake katanga, a 1988 jerin faya-fayan sata masu suna Ultra Rare Trax suka bazu a kasuwa. Tef ɗin sautin fim na zaman Janairu 1969 ma sace su aka yi, sai a 2003 'yan sanda suka ƙwato kimanin 500 a ƙasar Holan. Wato kafin Anthology ta fito, masu satar fasaha sun daɗe suna cin kuɗin da masu haƙƙi suka ƙi ɗauka.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Disamba 2013. Tarayyar Turai ta tsawaita haƙƙin mallakar sautin da aka naɗa daga shekara 50 zuwa 70, amma da sharaɗin an fitar da shi a cikin 50 ɗin farko. Abin da aka naɗa a 1963 ba a fitar ba zai zama na kowa da shigowar 2014. Kwatsam sai ga tarin abubuwa 59 na shekarar 1963 a iTunes, kantin sayar da waƙoƙi ta intanet, yawancinsu na shirye-shiryen rediyon BBC, ba tare da wani gagarumin talla ba. Wannan ba domin Sadiq da ire-irensa aka yi ba, domin a tsare dukiya aka yi.

Injiniya Bala:
Maganar zaman Janairu 1969 da Lauya ya taɓo ta kawo mu inda tambayar Malam Habu take da amsa ƙarara. Manufar zaman ita ce a yi waƙa kai tsaye ba tare da ɗora sauti a kan sauti ba. Injiniya Glyn Johns ya haɗa kundi a kan wannan manufa aka ƙi shi, daga baya aka miƙa tef ga furodusa Phil Spector domin haɗa kundin Let It Be, wanda a Afrilu 1970 ya lulluɓe “The Long and Winding Road” da tarin masu goge da mawaƙan amshi. McCartney ya fusata har ya ambaci hakan cikin dalilansa a shari'ar raba ƙungiyar. Ita wannan ɗauka ɗin dai, ba tare da lulluɓin ba, tana Anthology 3. A nan ko Hajiya Larai za ta yarda cewa wadda aka ajiye ita ce ta mai abu, wadda aka fitar kuwa ta baƙo ce.

Hajiya Larai:
Na yarda da rabinta, Injiniya. Idan aka cire lulluɓin, kuskuren Lennon a jitar bes yana fitowa fili, kuma shi ne ɗaya daga cikin abin da Spector ya rufe. Da McCartney ya samu damar yin yadda yake so a Let It Be... Naked a 2003, ai wata ɗauka daban ya zaɓa, ta ranar 31 ga Janairu.

Malam Habu:
Tunda hira ta kai nan, bari in jefo wadda na san za ta raba kawunanmu. Ina za mu ajiye “Now and Then”? Gwaji ne da Lennon ya yi a gidansa na New York a ƙarshen shekarun 1970, shi da fiyano da rikoda ta kaset. Bayan kashe shi a Disamba 1980, matarsa Yoko Ono ta miƙa wa McCartney kaset ɗin a 1994 tare da “Free as a Bird” da “Real Love”. An gama waɗancan biyu tare da furodusa Jeff Lynne, wannan kuwa aka taɓa ta a 1995 aka bari, saboda ƙugin lantarki a tef da yadda fiyano ya rufe murya, kuma Harrison bai so ta ba. Sai da ma'aikatan daraktan fim Peter Jackson suka ƙera manhajar rarrabe sauti mai aiki da ƙirƙirarriyar basira domin fim ɗin Get Back na 2021, wanda aka tace daga kimanin awa 60 na hoto da fiye da awa 150 na sauti, sannan aka iya zare muryar Lennon ita kaɗai. Ta fito ranar 2 ga Nuwamba 2023, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta kuma ci kyautar Grammy a 2025.

Alhaji Tanko:
Malam Habu, ni raina bai kwanta da ita ba. Tef ɗin ma'ajiya da muke magana a kai tun ɗazu, mai daɗi da marar daɗi, abu ne da ya faru a wata rana a wani ɗaki, mutanen suna raye suna kallon juna. Wannan kuwa mutum biyu daga cikin huɗu suna kabari. Lennon bai rubuta ta domin Beatles ba, shekaru bayan rabuwarsu ya yi ta. Harrison, wanda ya rasu a Nuwamba 2001, ya nuna ƙin ta da ransa, sai ga shi an ɗauko jitarsa ta 1995 an saka a ciki. Iyalinsa sun amince, na sani, amma amincewar magada daban, ta mamaci daban.

Injiniya Bala:
Ranka ya daɗe, akwai abu ɗaya da ya kamata a bambance, domin mutane da yawa da suka ji an ambaci ƙirƙirarriyar basira sun ɗauka kwamfuta ce ta kwaikwayi muryar Lennon. Ba haka ba ne. Muryarsa ce ta ainihi da ke kan kaset, manhajar ta raba ta ne da fiyano da ƙugi, ba ta ƙara ko harafi ba. Idan kuwa yanka da liƙi ne laifin, to na riga na nuna cewa da almakashi aka haɗa “Strawberry Fields Forever”.

Malama Zainab:
Bambancin, Injiniya, shi ne Lennon ne ya ce a yanka waccan, yana nan aka kunna masa ya ji. A wannan kuwa wani ne ya yanke masa hukunci. Duk wanda ya saurari gwajin kaset ɗin, wanda ya daɗe yana yawo a hannun masoya, ya san akwai wani sashe a tsakiya da Lennon bai gama kalmominsa ba, inda kiɗan ke karkata zuwa wani wuri mai duhu, kuma McCartney ya cire shi gaba ɗaya. A wurina sashen nan shi ne mafi kyau a waƙar. Haka nan kukan jitar da ke tsakiya, wanda mutane da yawa suka ɗauka na Harrison ne, McCartney ne ya kaɗa shi a salon Harrison domin girmamawa. Ban ce an yi ha'inci ba, domin sun faɗi duk wannan a fili, amma abin da ya fito waƙar McCartney ce a kan Lennon, ba waƙar Lennon ba.

Sadiq:
To idan haka ne, Anti Zainab, ashe an samu sabon abin nema ke nan: waƙar ta fito, amma asalinta bai fito a hukumance ba.

Ɗanjuma:
Kafin a tashi, ban ji wanda ya ambaci gwaje-gwajen Esher ba, kuma ga mai son shiga wannan fage daga nan ya kamata ya fara. A ƙarshen Mayu 1968, bayan dawowarsu daga Rishikesh ta Indiya, suka taru a gidan Harrison da ke Esher suka naɗi waƙoƙi 27 da jita marar lantarki a kan na'urarsa mai layi huɗu, suna tafi suna dariya, makonni kaɗan kafin zaman White Album ya yi tsami har Emerick ya ajiye aiki a Yuli, Ringo ma ya fice na ɗan lokaci a Agusta. Bakwai ne kawai suka shiga Anthology 3, sai a 2018 aka fitar da su duka. A ciki akwai “Child of Nature”, wadda Lennon ya sauya wa kalmomi ta zama “Jealous Guy” a 1971, da “Junk” da McCartney ya kai kundinsa na 1970, da “Sour Milk Sea” da Harrison ya ba mawaƙi Jackie Lomax, da “Circles” da ta jira har 1982. “Not Guilty” ma tana nan a sigarta ta gida, Malama Zainab, kuma ta fi kusa da wadda ya fitar a 1979 fiye da ta ɗauka 102.

Hajiya Larai:
Waɗannan kam ina sauraron su, Ɗanjuma, musamman “Sour Milk Sea”. Da ni ce mai tsara White Album, da ita zan saka a gurbin “Savoy Truffle”, “Not Guilty” kuma ta ci gaba da zamanta inda aka ajiye ta.